Batirin Baya

Tasi'u ya shigo Ƙofar Ruwa da hantsi,
'yar tirela na bin motarsa
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.
Ya buɗe bodi, wari ya riga shi magana.
'Yan tsaki ɗari uku ya ɗauko daga Gunduwawa,
arba'in da ɗaya sun miƙe ƙafa.
Fanka ce ta tsaya a cunkoson Yankaba,
batirin baya ya mutu, ba wanda ya ji shurinsa.

"Oga, sabo ne fa."
Na ce, sabon ciki ma yana jin yunwa.

Na shimfiɗa kwali, na shiga ƙarƙashi.
Wayar da aka ja masa zaren ɗinkin hula ce.
Wuta na barin inji da ƙarfinta,
kafin ta kai baya ta galabaita,
kamar saƙon kuɗi da ya bi hannu bakwai.

Na yanko ja mai kaurin ɗan yatsa,
na sa mata riga inda ƙarfe ke cizo,
fis a goshi, fis a ƙeya,
don in gobara ta yi sallama
ta tarar da ƙofa biyu a rufe.
Baƙar waya kuma na ba ta hanyarta daban.
Ban yarda da ƙugiyar ja ba,
tsatsa ba ta riƙe amana,
kuma wutar da ba ta san hanyar komawa gida ba
ba ta fita.

Sai ɗan akwatin tsakiya, bai kai sabulu ba.
In inji na ruri, ya buɗe: ci, ƙanena.
In inji ya yi shiru, ya datse,
kada na baya ya tsotse na gaba
gari ya waye ba mai tada wani.

Nan sukudireba ya tsaya a hannuna.
Shekara tara ina jan Lawi,
ban taɓa sa wa aljihuna irin wannan ba.

"Tada!"
Mita ta haura sha uku, ta ƙara kaɗan.
Fanka ta yi tari, ta juya.
Gashin 'yan tsaki ya kwanta gefe guda.

Tasi'u yana ƙirga kuɗi, yana neman ragi,
wayata tana kuka cikin akwatin sifana.
Na san mai kira.
Na goge baƙin mai a wando.
Na ɗauka.