Kashi Saba'in da Ɗaya

Na ɗauko ta cikin zane kamar jinjiri mai zazzaɓi,
daga Garin Malam har bakin Kasuwar Dole,
jikinta rau, fankarta tana nishi,
tana buɗe tagogin da ban ƙwanƙwasa ba.

Lawali bai gaishe ni ba, ita ya gaida.
Ya kara kunne a cikinta, ya ce:
"Wa ya soka mata kile?"
Na ce nawa ne, wanda nake kaiwa wurin fotokwafi.
Ya ce, "To, da gugar kowa kika sha."

Ya raba ta da intanet
yadda ake ware akuya mai ƙazuwa daga garke.
Ya kashe ta, ya tashe ta da azumi,
ba kiɗa, ba ado, ba baƙo,
daga ita sai numfashinta.
Sannan ya saki mai bincike.

Wani layi kore ya kama hanya
da saurin jarka a famfon unguwarmu
ran da ruwa ya ga dama.
Duk ɗan Damagaram ya san wannan jira.
Kashi tara. Kashi goma sha shida.
Mai shayi ya zo ya wuce.
Jar lambar gefe kuwa sai haihuwa take kamar ɓera:
arba'in, ɗari, ɗari biyu da bakwai.

A kashi saba'in da ɗaya aka ɗauke wuta.
Batirin ya riga Baba mutuwa.
Lawali ya ja tsaki, ya ja igiyar janareto,
aka koma farko.

Bayan la'asar ya saki na biyu.
"Tsintsiya ɗaya ba ta shiga kowane lungu.
Wata ƙwayar lafewa take, kunama ƙarƙashin turmi,
sai mai shara ya wuce."
Na biyun ya tono goma sha ɗaya.

Ya juyo mini allon, jerin waɗanda aka killace.
Ga lissafin fatun majema,
ga takardar gonar Mirriya,
ga shi, a layi na shida:
MURYAR BABA.

Minti goma sha huɗu ne kacal.
Yana koya wa ƙanena jiƙa bagaruwa,
yana tari, yana korar kaza.
Ba ni da wani.

"Goge," in ji Lawali.
Na ce hannuna ya ƙi.
"Ba shi ba ne, Falmata.
Ɓarawo ne ya sa rigarsa
ya zauna a zaure yana amsa sallama.
Mai gidan yana ciki, an ja masa ƙofa.
Duk ran da kewa ta sa kika taɓa sunan nan
tuwo kika miƙa wa baƙon."

Na tuna dararen da na danna, na sake dannawa, shiru.
Ashe kiwo nake.

Na danna.
Ta tambaye ni ko na tabbata.
Ban tabbata ba.
Na danna.

Lawali ya rubuta farin layi a baƙin allo,
gajere kamar addu'ar shiga kasuwa,
sai ga su suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya
kamar yara in ruwa ya ɗauke.
Tarin ne ya fara fita. Sannan kazar.
Mai gyaran rediyo na rumfar kusa
ya rage sautinsa, ba wanda ya roƙe shi.

Jika biyu ya karɓa,
ya maido dala arba'in kuɗin kabu-kabu.
Ya wanke kilen, amma bai sake shi ba
sai da ya ce, "Ina da ina ya kwana?"

Na ƙirga da yatsa:
ofishin makaranta, shagon Kiyari,
ta Yagana a asibiti, ta mijin ƙanwata…
Bakwai.

Gobe da sassafe zan bi su ƙofa ƙofa,
kamar wadda akuyarta ta kwana a gonar mutane.