Turakun Baba Nomau

Dare ya raba a Bunza, an ɗauke wuta,
cajin kwamfutata saura kashi sha tara.
Shafin ƙungiyar manoman shinkafa nake ginawa,
can samansa na ja ɗan layin sawu
mai gaya wa baƙo ta inda ya biyo:
Gida, Kebbi, Bunza, Farashin Buhu.
Tsakanin kalma da kalma na dasa kibiya,
na kalla, na ce ya yi kyau, na kwanta.

Da hantsi na kai wa Baba Nomau.
Shekara ashirin da ciwon bakin gulbi ya karɓe masa idanu,
yanzu da kunne yake karatu,
waya a tafi, yatsa na bin gilashi
kamar mai laluben ƙaya a tsokar kifi.

Wayar ta yi maganarta ta hanci,
ya kasa kunne,
sai dariya, har da tari.
"Ke Tambai, mi kinka rubuta?
Wai Gida ya fi Kebbi, Kebbi ta fi Bunza,
Bunza kuma ta fi farashin buhu!
Wa yab ba ki wanga lissahi?"

Abin da idona ya kira kibiya,
a wurin na'ura alamar lissafi ce.
Ban gaya mata komai ba.
Kwalliya na yi.

Ya ce, "Sa'ad da nike tuƙin jirgi,
in ruwa ya ci fadama, turaku muka kahewa.
Ba mu shafa musu fenti, wa ka ganin fenti da dare?
Tsaga mukan yi da wuƙa:
na hwarko guda, na biyu biyu.
Hannu ya taɓa, ya san inda ya kwana."

Na koma na shiga cikin shafin,
can ƙasa, inda ido ba ya zuwa.
Na kewaye layin, na ce wa na'ura:
wannan hanya ce, ba zance ba,
na raɗa mata suna.
Kalmomin nan huɗu na jera su da lamba,
don na ɗaya ba ya zama na uku.
Kibiyoyin na bar wa masu ido,
na ce kunne ya tsallake su.
Uku na farko ƙofofi ne, a taɓa a koma baya.
Ta huɗun ban sa mata ƙyaure ba,
wa ke sallama a ɗakin da yake zaune?
Na dai tsaga mata: nan kake tsaye.

Alhaji Arzika, shugaban ƙungiya,
ya duba na jiya, ya duba na yau,
ya ce bai ga abin da ya canza ba.
Gaskiyarsa. Ko ɗigo bai motsa ba.
Ban nemi ƙarin kuɗi ba.

Bayan la'asar, gindin ɗorawa,
wayar ta sake buɗe baki:
hanya ce, matakai huɗu,
kana kan na huɗu.
Baba ya ja yatsa baya, ya faɗa Bunza,
ya ƙara ja, ga shi a Kebbi,
ya dawo da kansa, ba wanda ya riƙe masa sanda.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Na zaci yabo ke tahowa.

"Hanya ta yi, ɗiyata.
Farashin ga na buhu shi ne bai yi ba.
Kira min Arzika."