Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Jami'a ta aiko da tambaya ta waya:
"Yaya kika ji koyon Turanci daga gida?
Zaɓi lamba, ɗaya zuwa biyar."
Ina zaune kan buhun tafarnuwar babana
a Sembalun, dutsen Rinjani a bayana,
na rasa inda zan dangwala yatsa.

Lamba nawa zan ba rumfar shanya?
Nan kaɗai sabis ke sauka a unguwarmu,
shi ma sai na ɗaga hannu kamar mai rantsuwa.
Ƙarfe bakwai, sanyi na cizon kunne,
Malama Ratnasari tana can Mataram
cikin 'yar taga kamar akwatin ashana.
Bakinta ya buɗe, ya daskare a haka,
kalmar ta iso bayan an wuce shafi biyu.
Mu talatin da huɗu, duk baƙaƙen tagogi,
kowa ya rufe kyamara yana tattalin data.
Tafarnuwa kilo uku, datar mako guda.
Baba bai taɓa faɗa ba, ni na ƙirga.

Amma kar in ci amanar gaskiya.
A aji, da can, ni bebiya ce.
Shekara guda ban ɗaga hannu ba,
kada harshena ya yi tuntuɓe
'yan birni su ƙunshe dariya.
Bayan baƙar taga kuwa, wa ya gan ni?
Wata safiya na kunna makirfo,
na kama sakin layi ɗungurungum,
zakaran maƙwabta ya yi cara a tsakiya.
Aji ya fashe, ni ma na fashe.
Malama ta ce, "Ci gaba, Sumiati,
shi ma ɗalibi ne, bai dai yi rajista ba."
Tun ranar bakina bai koma kulle ba.
To, wannan nawa ce?

Lalu Hamdi fa?
Shi ke gyara mana jimla a ɓoye kafin mu miƙa.
Wayar gidansu ɗaya, ƙanne uku na jiran layi.
Sunansa ya yi ta shiga yana fita
kamar numfashin majinyaci,
ran wata Laraba ya fita ke nan.
An ce yana dako a tashar jirgin ruwa ta Lembar.
Tambayar ba ta bar masa gurbi ba.

Da annoba ta lafa aka raba mu biyu,
rabi a kujeru, tazara tsakani,
rabi a maƙale jikin allon bango.
Makon da na je na tarar ashe Malama gajera ce.
Takunkumi ya rufe mata baki;
sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora,
wallahi na fi ganinsa a waya.
In ta juyo gare mu, na allo su zama marayu,
in ta juya gare su, mu sha kallon ƙeya.
An ce taura biyu ba ta taunuwa.
Na ga mai taunawa, gumi na bin wuyanta.

Makon da nake gida kuma
dariya kan tashi can nesa da makirfo,
ba mai gaya mana abin da aka ce.

Na dangwala uku,
ita ce ba ta yi ƙarya da yawa ba.
A ƙasa akwai ɗan fili: ƙarin bayani.
Na rubuta da Turanci, ba ƙamus,
layi bakwai, har da zakara, har da Hamdi.
Na danna aikawa.
'Yar da'irar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi.

Hazo ya gangaro daga dutse.
Inna na kira in zo mu ɗaure dammuna.
Na jingine wayar a kan azarar rumfa,
na bar ta tana ta ƙoƙari.