Rumbu a Ƙarƙashin Tebur

Zayyanu ya shigo da la'asar, gumi har ƙeya,
ko takalmi bai tuɓe ba:
"Kawu, ka ji wadda za ta fito?
An ce idonta huɗu.
An ce ana naɗe ta awa tabarma a sa aljihu.
An ce wani ya ɗauki hotonta a ɓoye, sunka kore shi aiki."
Na ce, wa ya ce?
Ya ce, an ce.

An Ce ɗin nan na san shi tun ina yaro.
Shi ya ce albasa za ta yi tsada,
munka ɓoye buhu tara, ta ruɓe.
Ba shi da gida, ba shi da gona,
amma kullum ya riga kowa isa kasuwa.

Ni ina durƙushe ƙarƙashin tebur
da tsohuwar kwamfutar da na saya a Mabera
wajen wani mai buga takardu da ya karye.
Fankarta na tari awa tsohon mashayin taba.
Na hure ta, na sa mata faifai biyu, tagwaye:
abin da Hasan ya ji, Husaini ya rubuta,
in ɗaya ya mutu, ɗaya ya ba da shaida.
Na ja igiya shuɗiya tana bin bango,
ta bayan kalandar bara, ta saman ƙofar Luba,
har gindin na'urar da ke raba wa gida intanet.
Luba ta ce, "Ka huda mini bango, kai za ka yaɓe."
Na huda.

Ba wayo ya kai ni ba, Zayyanu, asara ce.
Kan kabu-kabu, tsakanin Gawon Nama da Arkilla,
wayata ta bar aljihuna ba sallama.
Gilashin bai dame ni ba.
Muryar Inna Ige ke ciki, saƙo arba'in da bakwai,
rabinsu faɗa:
ka ci abinci? ka biya Modi kuɗinsa?
kar ka sake sayen waccan shinkafar.
Ta rasu a Sha'aban, waya ta bi ta a Shawwal.

Sunka ce in duba gajimare.
Mu nan mun san halin gajimare:
ya taru a gabas, ya yi baƙi, ya sa ka kwashe shanya,
sa'an nan ya wuce ya zuba a garin wasu.
Kalmar sirrin ma na manta.

Sai na koma ga abin da kakana ya sani,
hatsi a rumbu, rumbu a cikin gida,
a ɗora shi kan duwatsu saboda gara.
Nawa na ɗora kan bulo biyu,
na ba shi batirin sola don ranar da wuta ta yi halinta.

Bayan isha'i koriyar fitila ta ƙyafta.
Wayoyin gida sunka fara juye:
hotunan suna, rasit ɗin makaranta,
ɗinkin da Luba ke aika wa masu saye.
Zayyanu ya miƙo tasa mai tsagaggen goshi:
"Kwashe min kafin in sayar, in jira mai ido huɗu."

Cikin tarkacensa akwai ragon layya,
daƙiƙa goma sha ɗaya, hoto na rawa.
Ba a ganin kowa sai ƙaho da igiya.
Can bayan rago wata murya ta ce,
"Kai Zayyanu, aje wagga aba ka riƙe mai ƙafa!"

Ban ce komai ba.
Hasan ya ji, Husaini ya rubuta.
Na sake kunnawa har Luba ta fito da ludayi a hannu
ta tsaya bakin ƙofa.

Wayar ta fito bayan wata biyar,
idonta uku, kuma ba ta naɗuwa.
An Ce ya riga ya koma kan ta baɗi.
Fanka na nan tana tari ƙarƙashin tebur,
Inna na ciki tana faɗa.
Ramin bango, Luba, gobe in Allah ya so.