Minti Ɗaya a Chiloé

Tun Lahadi ruwa bai ɗauke ba.
Haka tsibirinmu yake, sai kwanon rufi ya gaji da kuka.
Na hura murhun aji da ɗanyen itace,
na jera takalman roba goma sha tara a bakin ƙofa,
na ciro agogon da aka aiko daga Santiago,
mai baƙar igiya, mai maɓalli ɗaya,
wanda bai iya komai ba sai ƙirgawa.

Kowane yaro minti ɗaya.
Kalma nawa za ta fito daga bakinsa
kafin in ce ya isa?
A ƙasar nan bakwai ce ƙololuwa, huɗu ce gada,
abin da ya gaza huɗu da jan biro ake rubutawa.

Yasna Oyarzo ta zuba ɗari da shida
kamar mai juye dankali daga buhu.
Bakwai. Ta koma kujera tana taka rawa.

Sai Nibaldo.
Nibaldo Barría, mai ƙanshin hayaƙi da gishirin teku,
yatsa a ƙarƙashin layi,
yana taka kowace kalma kamar dutse mai santsi a bakin gaɓa.
Labarin kare ne da ya ɓuya a jirgin masunta.
A daƙiƙa ta talatin da ɗaya ya tsaya cak.
Ya tuntsire da dariya.
Yara goma sha ɗaya sun bi ta layin nan yau,
inda kare ya sace burodin matuƙi,
ko murmushi babu wanda ya yi.
Ya ɗago kai: "Malama Eduvina,
wannan ai karen Kawu Belarmino ne!
Zai dawo gida kuwa?"
Agogo na bugawa a tafina kamar zuciyar ɗan tsako.
Na ce, "Ci gaba."
Ita kaɗai takardar ta yarje mini in faɗa.
Kalma talatin da takwas.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin da ake sa dariya.

Ba zan zagi ma'auni ba.
Bara shi ya tona mini asirin Ruperto,
wanda ya haddace littafi kaf da kunne,
wata bakwai ina yaba masa,
ashe haruffa hayaƙi ne a idonsa.
Yanzu yana da tabarau, yana karanta har sunayen jirage.
Mai cewa sikeli banza ne bai taɓa sayar da kifi ba.
Sai dai sikeli nauyi ya sani,
ba a tambayarsa ko miya ta ji gishiri.

Na rubuta uku da ɗigo takwas.
Jan biron ya ƙi, na hura masa iska,
na goga shi a bayan hannuna har ya kama.

Juma'a da yamma na kai sakamakon da kaina,
ta hanyar laka, bayan cocin katako.
Kakarsa Orfelina na kaɗa ulu a gindin murhu,
idonta ya yi yana.
Shi kuma yana tsugune da waya a hannu,
saƙon ubansa daga kudu mai nisa,
inda yake kiwon kifi a keji cikin ruwan ƙanƙara.
"Ya ce... hannun... ya... warke."
"A hankali, yaro," in ji ta. "Wa ya biyo ka?
Koma inda ya ce zai zo."
Ya koma. Ta sa ya koma sau uku.

Takarda ta jiƙe a aljihuna.
Na so in juya da ita, ban juya ba.
Ta karɓa, ta shafa, ta kai kusa da fitila,
ta miƙa masa: "Karanta mini abin da malama ta kawo."

Ya sa yatsa a ƙarƙashin rubutuna.
"Bai... kai... matakin... karatu... ba."

Tukunya na tafasa. Ruwa na dukan taga.
Ko kuskure ɗaya bai yi ba.