Mai Hannu Takwas

A Sawakin, bayan la'asar,
inda gidajen murjani suka durƙusa a bakin ruwa,
Ohaj ya jawo tulun da ya nutsar jiya,
ya juye shi cikin daro.
"Akɗabuɗ," in ji shi.
Mu ba mu da sunansa.
Kakana da ya taho da ƙafa daga Haɗeja
bai zo da kalmar cikin gafakarsa ba.

Na tsuguna, hannuna na dama kwance a cinya
kamar baƙon da ya daina amsa gaisuwa
tun daren da jini ya hau mini ka.

Hannu ɗaya na laluben bakin daro.
Wani ya naɗe ƙaguwa yana ɗanɗanonta,
ba da harshe ba,
da 'yan ƙoƙunan da ke jere a fatarsa.
Biyu na baya suna jan jiki.
Wani ya miƙo, ya taɓa yatsan Batulu,
ta yi tsalle, ta dawo.
Shi ko kan yana gefe, ido a lumshe,
kamar maigidan da ya raba wa 'ya'ya gona
ya daina tambaya.

Batulu mai karatu a Bur Sudan ta ce,
"Kaka, yawancin jijiyoyinsa a hannuwan suke.
Kowanne da nasa wayon."

Shekara arba'in ina ɗinkin koma.
Ban taɓa ce wa yatsuna ku ƙulla ba.
Ina hira, ina kurɓar jabana,
su suna ta aikinsu.
Ashe can ma akwai mai sani,
ban gane ba sai da hanya ta yanke tsakaninmu.
Yanzu ina kira daga sama,
ƙasa shiru.

Ohaj ya nuna mini na takwas ɗin,
guntu ne, wani kifi ya gutsure shi,
ga sabon tsiro a bakin tabon,
siriri kamar zaren lilo.

Na biya kuɗinsa da hagu.
Batulu ta karkata daron.
Ya zube, ya ɗauki launin yashi,
ya bar mana ɗan baƙin hayaƙi a ruwa.

Da magariba na ɗauko allurar koma.
Hagu ta riƙe ta kamar mai tsoron ƙuna.
Ƙullin farko ya kwance.
Na biyu mummuna ne,
amma na ja, bai saki ba.