Tara da Rabi

An manna takardar a bangon makaranta, a Marwa.
Na bi sunaye da yatsa har ƙasa.
Lissafi: tara da rabi bisa ashirin,
kuma shi ake ninkawa huɗu,
kamar bashin da ya shekara.

Tambaya ta uku ce ta kayar da ni.
Awa guda ina lallashin amsa,
ta lafe kamar kunama a rami.
Alamar ɗebewa ɗaya na manta,
layi bakwai suka bi ruwa.

Kawu Tanimu dillalin albasa ne.
Buhu arba'in, kuɗin mota, la'ada,
duk a ka, dala ba ta ɓace masa.
Ya ce, "Rabin maki, Tasalla? Ba sa gyara?"

Na ce can ba a tayi.
Ya yi shiru,
ya fara ware kuɗin rajistar baɗi.